Wutar da Ta Ɓuya a Daberam

Asuba ta same ni a bakin Daberam,
ruwa ya kwanta luf, ko motsi ba ya yi.
Taruna na tsakiya tun daren jiya,
ni ga ni a gaɓa da injin da ya girme ni.

Na ja igiya, ya yi tari.
Na sake ja, ya yi gum kamar gaban suruki.
A ja na bakwai kafaɗata ta ce ƙas,
Sahalu na cin rogo a gefe, yana ƙyaƙyata dariya.

"Fetur ɗin Ɗanbala ne," in ji shi,
"rabi kalanzir, rabi addu'a."
Na sunsuna tanki, na matsa roba,
mai na zuwa, warinsa bai canja ba.
Ashe alhakin Ɗanbala muka ɗauka a banza.

Baba kan ce, sa'ad da yake da rai:
inji abu uku yake roƙo,
ya sha, ya shaƙa, ya ga wuta.
In biyu sun hallara, kar ka zagi igiya,
je ka nemo ta ukun.

Na sa sufana, fulogi ya fito
baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf,
kamar gindin tukunyar gidan biki.
Na kankare shi da tsohuwar reza,
na auna bakinsa da farcen babban yatsa,
na jingina shi da ƙarfen inji.
Sahalu ya yafa mana rigarsa,
don tartsatsi ba ya fita kunya gaban rana.
Na ja. Duhu.
Na ɗaura sabon da ke aljihuna. Duhu.

Sai na kwance murfi, na cire filawul.
Kontak ya yi furfurar tsatsa.
Na goge da samfefa a hankali,
na zura kwalin ashana, na daidaita tazara,
na mai da komai mazauninsa.
Na ja. Ko ƙyas.

Kan ka ce kwabo, gaɓa ta cika da masana.
Wannan ya ce kwayil ne ya mutu,
wancan ya ce kwandansa,
wani ya ce a sayar wa masu gwangwan a huta.
Hansai mai suya ta dafe ƙugu:
"Man gyaɗana ya yi zafi tun ɗazu,
ko kaskon zan sayar wa mutane?"

Kwayil kuɗin kifin mako guda ne.
Na zauna. Na yi shiru.
Sannan na bi baƙar waya da yatsa
kamar mai bin sawun akuya,
daga kwayil zuwa maɓallin kashewa,
ta bayan ƙusa, ta ƙarƙashin hannu,
har na tarar da ɗaurin Baba.

Shuɗin tef ne, shekara goma sha ɗaya.
Ya bushe, ya dare,
tagulla tsirara tana sumbatar ƙarfe.
Ashe duk jan da na yi ana haihuwar wuta,
sai ta bi ta nan ta sulale,
ba ta taɓa isa fulogi ba.

Na janye wayar gefe, na ce, "Sahalu, riƙe nan."
Ya riƙe. Na ja.
"Wayyo Allah!"
Rogo ya yi sama, ya faɗa ruwa.
Ban taɓa jin ihu mai daɗin wannan ba.

Na yanki robar tayar keke na naɗe raunin,
na ɗaura fulogi, na ja sau ɗaya.
Ya yi tari, ya yi gyaran murya,
ya kama ruri, hayaƙi ya turnuƙe masana.

Tsohon tef ɗin ban yar ba.
Yana aljihu, tare da reza da kwalin ashana.

Da muka isa, rana ta take,
karfasa tara, tarwaɗa biyu,
ɗaya ma tsuntsu ya riga mu ɗanɗanawa.
Sahalu har yanzu yana yarfe hannu,
ya ce bashin rogo yana wuyana.