Mai Nutsar da Masara

A Gaibandha, inda kogin Tista ke sauya makwanci
kamar mai zazzaɓi,
aikina shi ne nutsar da masara.

Albashi ake biya na a kai.
Da asuba nakan zare katakon bakin kwata,
ruwa ya sulale cikin fegi,
ya shafe idon sawu, ya wuce,
ya kwana bakwai a kan layi ɗari uku.
Da babana Nitai na raye, da ya tsine mini,
shi da ruwa ya ci gonarsa sau huɗu,
na huɗun har da akuya.

Dakta Shefali kan zo da lema da littafi,
ta naɗe gefen zanenta, ta tsunduma.
Ba ta yi wa matattu ta'aziyya.
Lamba take rubutawa.
Wannan ya yi rawaya a kwana na uku,
wancan ya kwanta,
wancan saiwarsa ta yi warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Sai layi na ɗari biyu da sha huɗu.
Gajere, mummuna, ganye kamar kunnen jaki,
amma daga gaɓarsa, sama da ruwa,
ya fid da fararen saiwoyi yana shaƙar iska.
Ta yanka ɗaya da reza, ta miƙo mini madubi:
ciki duk ƙofofi ne, kamar soso.
Ta ce, ka gani, Haripada,
wannan ya koyi numfashi ta ƙafa.

Zangarniyarsa ba ta kai tafin hannu ba.
Don haka muka haɗa shi da wata doguwa mai cika buhu
wadda ko raɓa ba ta jurewa.
Na sa wa fure jakar takarda,
na kaɗe garin a kan gemu da yatsa biyu,
na ɗaure.
'Ya'yansu ma na nutsar da su.
Jikoki ma.

Damina shida ke nan.
Gashin Shefali ya fara fari ta hagu,
tsutsar ruwa ta san ƙafata fiye da takalmi.

Jiya na sa ƙwaya goma sha ɗaya a aljihu.
Ta gani, ta kau da kai.
Na kai su tsohuwar gonar babana,
can gangare, inda ruwa ke fara zama.
Gajimare na taruwa ta kudu,
ban ko gyara kunya ba.