Yaron da Ke Riga Ni Shiga

Ƙarfe shida da rabi na bar gida,
Toledo na barci a ƙarƙashin ƙanƙara.
Rigar da Odessa ta goge min daren jiya
ta shaƙe min wuya kamar ta aro.
Bas ta sauke ni a ƙofar rumbun sanyi
inda ake jibge naman kaji har rufi.
Suna neman mai tuƙa motar ɗaga kaya.
Shekara goma sha ɗaya na tuƙa irinta
a wurin tsoho Haddad, wanda bai taɓa tambaya ba,
har ya mutu, 'ya'yansa suka sayar da wurin.

Matar ofis, Misis Wozniak,
ta ba ni shayi a kofin takarda,
ta ga hoton 'yata a wayata, ta ce mun yi kama,
ta ce, "Litinin za ka iya farawa?"
Na ce ko yanzu ne.
Sai ta turo takarda ta ƙarshe da yatsa ɗaya:
"Sa hannu nan, Cornell. Al'ada ce kawai,
za mu duba bayanka."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na ce, "Akwai wani yaro da za ki gani."

Shekararsa goma sha tara.
Ya shiga kango a titin Lagrange da almakashin ƙarfe,
ya yanke wayar tagulla daga bango,
ya sayar dala ɗari da arba'in,
ya sayi takalmi, ya ci kaza.
Alƙali ya ba shi wata goma sha huɗu.
Ya yi su cif, har da kwana biyu na kuskuren lissafi.
Ni na fito.
Shi yana nan.

Ba ya tsufa, yaron nan.
Ba ya furfura, gwiwarsa ba ta ciwo,
ba ya jiran bas cikin sanyi.
Ta waya yake bi, irin wadda ya sata,
kafin shayina ya huce ya isa,
ya zauna a kujerar da aka nuna min,
ya miƙe ƙafa da sabon takalminsa.

Takardar ba ta da layin da za a rubuta
cewa ni na kai mahaifiyata wankin ƙoda
sau uku a mako, shekara huɗu.
Ba ta san kuɗin kakakin Renita na makaranta ba,
da na biya kaɗan-kaɗan har ya zama nata.
Shekara ashirin da biyu babu ko tarar hanya:
wannan a wurinsu farin fili ne,
farin fili kuwa ba a karanta shi.

Ban ce ban yi ba.
Na ci zomo, na ci gudu.
Tambayata ɗaya ce:
bashin da aka biya, wa ke ta sake rubuta shi?

Alhamis saƙo ya shigo, layi uku,
da godiya a sama, da fatan alheri a ƙasa.
An ciza, an hura.
Ban ji haushin Misis Wozniak ba;
na ga hannunta ya tsaya a kan takardar
kamar mai taɓa tukunya ta ji ko da zafi.
Ita ma akwai wanda ke duba nata.

Odessa ba ta ce komai ba,
ta ɗauko rigar, ta jona dutsen guga.

Da dare na fita baranda,
na tarar da shi zaune a matakala, yana rawar ɗari.
Na daɗe ina zaginsa. Yau na gaji.
Na ce, "Matsa, ɗan samari.
Gobe akwai wani wuri a titin Dorr, ƙarfe takwas.
Na san za ka riga ni.
In ka isa, ka cire hula, ka yi gaisuwa,
ka ce musu akwai wani dattijo a baya,
yana tafe a bas,
su ɗan jira su gan shi."