Wutar da Ba Ta da Mita

An ɗauke wuta tun kafin la'asar.
Keken lantarki ya yi gum a kusurwa,
na koma kan na ƙafa, wanda na gāda,
ina tura masa yadin leda ruwan toka
na wata unguwarzoma a Garin Malam.
Yadin ya ƙi kwanciya.
Na shafe shi, ya biyo hannuna,
guntayen zare suka taso daga tebur
suka liƙe masa kamar masu bin bashi.

Fassuma ta shigo daga lakwal
da alli a goshi.
"Baba, dakata ka ga."
Ta zaro bik, ta goga a kitsonta,
tana ƙirge a hanci har ashirin,
ta yayyaga takardar awon wandon wani,
ta kai bik kusa. Ba ta taɓa ba, na rantse.
Takardun suka miƙe tsaye.
Ɗaya ta yi tsalle.

Na ce a'uzubillahi.
Ta yi dariya har ta dafa keke.
"Mushe Lawali ya ce ba iskoki ba ne.
Kowane abu da ƴan mitsi-mitsinsa a ciki,
ido ba ya kai musu.
In abu biyu suka gogu,
ɗaya ya kwashe na ɗaya:
wannan da rara, wancan da giɓi.
Daga nan sai neman juna."
Na ce, ashe har bik ya san kasuwar Dole.

"Kuma da damina ba ya yi sosai," in ji ta,
"laima ce ke sace shi. Sai iska ta bushe."
To, Damagaram, ga rabonki.
Mu da muke jera jarka gaban famfo tun asuba,
mu da duwatsu suka kewaye kamar raƙuma a durƙushe,
ashe ƙishin nan bai bar mu hannu wofi ba:
garin da ruwa ke wuya,
wuta ke kwana a riga.

Da dare, ɗaki baƙi ƙirin,
na tuɓe taguwa ta ka.
Ƙas, ƙas. Shuɗi-shuɗi a kafaɗa,
kamar wani na ƙyasta ashana jiƙaƙƙiya.
Na tsaya da riga a wuya.

Shekara tara ke nan. Tsahara
ta miƙo min almakashi a wannan ƙofa,
yatsa ya gamu da yatsa, tas!
Ta yarfe hannu ta ce, "Kai, Mutari,
zafin ranka har ya fito fata?"
Mun yi musu a kan mai laifi har tuwo ya huce.
Ba wanda ya ci.

Yau ƴarta ta raba gardamar:
laifin yadi ne, da takalmin roba, da rani.
Sai dai ba ta faɗa min ba,
ni ma ban tambaya ba,
tsakaninmu wa ya tafi da rara.

Gobe mai takardar wuta zai zo da babur,
ya leƙa mita, ya rubuta abin da ban sha ba.
Wannan kam bai san da ita ba.
Na sake saka rigar,
na sake tuɓewa.