Lambobi Shida

Sau uku na kai wa Dakta Sagir takarda,
sau uku jan biro ya bi ta kanta,
bai ko ɗaga ido ya dube ni ba.

Na farko, tsaron rumbun bayanan manyan ma'aikatu.
Ya ce, "An yi shi tun kina firamare, je ki duba."

Na biyu, ɓoye saƙo da lissafi mai zurfi,
take ne da na tsinto da tsakar dare
ina sauri kafin datata ta ƙare.
Ya ce, "Faɗa min shi da Hausa." Ban iya ba.

Na uku kar ma a tona.
Ya dai ce, "Zulaihatu, wa zai ci riba?
Mutane, ko ɗakin ajiyar kundaye
inda ban da gara ba mai duba?"

Na hau kurkura daga bakin jami'a,
muka bi ta Ƙofar Ƙaura ina ƙirga kwanaki.
Saura tara a rufe karɓar take,
ni ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

A Ƙofar Marusa na iske gidanmu tsit,
kaskon ƙuli a sauke, mai ya huce,
Gwaggo Hajo zaune bisa kifaffen turmi,
waya a cinya, ba ta amsa sallama ba.

Uwar adashi ce ta mata sha bakwai.
Shekara ashirin kuɗi na kwana a gwangwanin madara,
ko sisi bai taɓa yin ƙafa ba.
Ni na ce, "Gwaggo, banki ya fi gwangwani."
Ni na cike takardu. Ban manta ba.

Wani ne ya kira bayan azahar.
Ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ya tambayi yara,
Hausarsa tamu ce, har da "mi" da "hwa".
Ya ce za a rufe asusu kafin la'asar
sai in ta karanto masa lamba.

Guda shida. Ta jero su a hankali
kamar mai biya wa yaro allo.
Ya ce ta maimaita ta huɗu, ta maimaita,
ta yi masa godiya, har da sa albarka.
Dubu ɗari uku da arba'in, kwasar Ladidi ta jibi,
ba su ƙara minti biyu a ciki ba.

Na karɓi wayar. Saƙon na nan.
Ƙasan lambobin banki ya ja kunne:
kada a faɗa wa kowa, ko ma'aikacinmu ne.
Da Turanci ya ja shi.
Gwaggo na da izu goma a ka, tana karanta ajami,
boko ne ba ta yi ba.

Ashe ɓarawon bai haura katanga ba,
bai karya kwaɗo ba.
Sallama ya yi da harshen gida,
mai gadi kuma ya yi ihu da harshen da ba a ji ba.

Daren nan ban kunna kwamfuta ba.
Na ce ta maimaita min zancensa, ina rubutawa.
Kafin Juma'a na samu sha ɗaya a layinmu kaɗai,
har da Nalado tela, har da ladan,
kowa kunya ta rufe masa baki,
kowa na zaton ba a yi wa wani ba.

Na rubuta: Damfarar waya cikin Hausa,
da kalmomin da ake buɗe mutum da su.
Dakta Sagir ya karanta, ya daɗe shiru,
ya ce, "Mahaifiyata ma, bara da azumi."
Bai cire murfin jan biron ba.

Gwaggo ta sai da tumaki ta biya Ladidi,
gwangwani ya koma ƙarƙashin gado.
Ta ce, "Karatun nan zai maido kuɗin?"
Na ce a'a.
Ta ce, "To, rubuta dai. Sa har da godiyar da na yi masa,
don ita ce har yau ba ta bar ni barci ba."