Kwaltar Babana

Mun bar Gallup gari bai gama wayewa ba,
ni a kan sitiyari, babana Anselmo a gefe,
da jarkar ruwa biyu, da burodin masara
da ƙanwata Eufemia ta naɗe a tsumma,
da taswirar da ta sha ninki har ta tsage a gaɓoɓi.

Shekara talatin da ɗaya yana shimfiɗa kwalta a wannan jeji,
bai taɓa biyan kuɗin ƙofa ya shiga kallo ba.
Na ce bana sai ya gani
tun kafin idon dama ya bi sawun na hagu.

Duwatsu suka taso jajawur,
garwashin da aka manta a murhu,
wani tukunya ce a kife, wani tsohuwa mai tagumi.
Na ce, Baba, dubi can!
Ya ce, rage gudu, akwai kwana a gaba,
mu muka yanka ta, ni da Hoskie mai rola,
shekarar da aka haife ki.

A Mexican Hat muka sha kofi kamar maɗaci.
Verlinda mai kanti ta ce rabon su da ruwan sama
tun akuyarta na da ciki,
ga 'ya'yan can suna cin kwali a bayan famfon mai.
Garin duka bai kai tsawon hamma ba.
Kafin na sauya giya mun fita.

La'asar ta same mu a gandun duwatsu.
Muka ɗaura takalma muka shiga kwazazzabo,
yashi na jan ƙafa kamar mai bin bashi.
Wani hankaka baƙi wuluk ya raka mu da ido.
Baba na ƙirga numfashi, ni ina ƙirga taku.
A rabin hanya ya zauna gindin wata guntuwar bishiya,
ya cire hula ya ce, je ki gano mana,
gani ga wane ai ya ishe ni.

Na hau ni kaɗai.
A can sama iska ta huda dutse
ta yi ƙofar gari, babu garin.
Baƙi na ɗaukar hoto cikin harsuna biyar,
wata yarinya na kuka a kan tuffa da ta gangara.
Na juya baya don in huta,
sai ga ta can ƙasa:
baƙin zare guda da aka ɗinke jeji da shi,
tun daga inda ido ya fara har inda ya gaza.
Ban ɗauki hoton ƙofar ba. Na manta.

Da na sauko bai tambayi dutse ba.
Ya ce, ana ganin hanya daga can?
Na ce ana gani.
Ya ce, a miƙe take?
Ta ɗan karkace wajen busasshen rafi,
amma na ce, kamar an ja ta da igiya.
Ya yi dariya. Ya san inda ta karkace.

Gab da Hanksville ya sa na tsaya,
wurin da babu komai, ko alama.
Ya fita, ya durƙusa da ƙyar,
ya dafa kwalta da tafin hannu
yadda ake duba zazzaɓin yaro.
Nan Hoskie ya faɗi, ya ce, da tsakar rana.
Har yanzu da ɗumi.

Da dare a masauki ya zazzage takalminsa,
jan yashi ya zuba kan shimfiɗa.
Na ɗauko tsintsiya.
Ya ce bar shi, sai da safe.