Ƙiryar Shafi na Arba'in

Da can in za mu fita awon ƙasa,
akwatin ƙarfe ake fara ɗaurawa.
Littattafan Oga Tanimu ne a ciki,
masu warin kananzir da kashin ɓera.
Ni ke ɗauka, ni ke shan faɗa
in damina ta lasar musu gefe.

Yau ga ni a bayan babur ɗin Ilu,
mun baro Jahun, mun doshi Miga,
akwatin nan duk ya koma allo guda
wanda bai kai faifai faɗi ba.
Jadawalin kusurwa, dokar filaye,
taswirar da ta girmi ubana,
har da rubutun hannun Oga
da na bi shafi-shafi na ɗauki hotonsa
daren sadakar bakwai ɗinsa.

A mashigi muka zauna jiran kwalekwale.
Na buɗe babin gyaran kuskuren awo,
ina karatu, sauro na karanta ni.
Wani yaro mai tallan rake ya leƙo:
"Yallaɓai, babu fim a ciki?"
Na ce akwai gonar kakanka.
Ya ja tsaki, ya yi gaba.

Ambaliyar bara ba ta san iyaka ba.
Ta tuge gamba, ta binne turaku,
ta lailaye gonaki kamar sabon daɓe,
ta bar Cindo da Barau, ɗan wa da ɗan ƙani,
kowa na nuna ƙasa da haɓa,
ko a jana'iza ba sa haɗa sahu.

Na tsuguna a inuwar amalanke,
don rana ba ta barin allo ya yi magana.
Na ware yatsu biyu, rubutu ya buɗe ido.
Shafi na arba'in, hannun Oga mai jirkicewa:
"Daga ƙirya mai rassa biyu,
ƙafa ɗari da sittin, gabas maso kudu."

Na ɗaga kai. Ina ƙirya?
Shinkafa ce, sai balbela, sai sama.
Tauraron ɗan'adam ya san inda nake tsaye,
bai san inda itace ya taɓa tsayawa ba.
Caji saura kashi tara,
mai shagon sola kuwa ya tafi cin kasuwar Gujungu.

Sai ga Iya Tabawa da furar 'yan aiki.
Ta sauke ƙwarya, ta gyara ɗaurin zane:
"Ƙiryar? Ai ita ce turmina.
Shekarar fara maigidana ya sare ta.
Kututturen na nan gindin surin can,
nan nake kwantar da goyo in zan yi roro."

Aka kawo fartanya.
Kamu biyu, ƙarfe ya ce ƙwas.
Na ba Ilu bakin tef, na bi allurar kamfas,
laka na ƙwace mini takalmi,
har ɗari da sittin ta cika.
Muka tona. Ga turken siminti
kwance kamar haƙorin da aka manta,
lambarsa daidai da ta shafi.
Ba inda Cindo ya nuna ba ne.
Ba kuma inda Barau ya rantse ba.
Suka dubi ramin, suka dubi juna,
Barau ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan.
Allon ya yi ƙifta ɗaya, ya mutu a hannuna.

Da dare a Jahun na jona shi,
janareto na tari a bayan shago.
Na koma shafi na arba'in,
ƙarƙashin hannun Oga na ƙara nawa:
"Ƙirya ta zama turmi.
A nemi suri. A tambayi Iya Tabawa."
Na daɗe ina duban sunanta.
Na tuna yadda hannunta ke rawa a kan ƙwarya.
Na goge, na sake rubutawa,
sannan na sa lambobin wurin a gefensa.