Gurasar Farko

A gidanmu na ƙauye, ƙasan duwatsun Satara,
gurasar farko ba ta mutum ba ce.
Ta dawa ce, da zafinta daga kasko,
a shafa mata mai, a kai wa Kapila
kafin kowa ya sa loma a baka.
Ta ƙarshe, wadda gari ya ƙare a kanta,
'yar ƙarama mai ƙonannen gefe,
ita ake jefa wa kare bayan katanga.
Karen ba shi da suna.
Kyanwa kuwa ba a ba ta, ɗauka take,
ta fito da madara a gashin baki
tana tafiya kamar mai gidan.

Shekara goma sha shida ina tatsar Kapila,
goshina a jikinta, asuba da sanyi.
Kashinta na daɓe ɗaki, na shanya a bango,
shi ya dafa mana shayi.
Ranar bikinta in shafa mata kurkum a goshi,
in rataya mata furanni, ta cinye su.

Yanzu ina Pune, hawa na tara.
Na miƙa wa maƙwabcinmu Bhiku igiyarta,
ban waiwaya ba, don na san tana kallo.

A nan ɗana Onkar yana da kare,
wai shi Biskit.
Yana da katifa, da likita, da sabulunsa,
har da rigar sanyi ja.
Matar ƙofar gaba ta kai kyanwarta asibiti
a tasi, tana kuka.
Na riƙe baki.

Jikata Ira ta ce, "Aji,
in an jefa wa saniya ƙwallo, tana ɗaukowa?"
Na ce a'a.
"To me take yi?"
Na ce ita ta shayar da ubanki
shekarar da nonona ya ƙafe.

Kullum da safe nakan ƙulle ta farko a bakin sari,
in shiga lif, in sauka titi.
Akwai wata ja a bakin bola,
haƙarƙari a waje, tana tauna leda.
Masu babur su taɓa gadon bayanta, su shafa goshi, su wuce.
Kowa ya ce mata uwa,
ba mai kai ta gida.

Da damina gwiwa ta hana ni sauka.
Gurasa ta huce a hannuna.
Karen ya zauna gabana, bai roƙa ba.
Na ce, "Ba taka ba ce. Jira ta ƙarshe."
Ya jira.
Daren da zazzaɓi ya kama ni
na farka na ji nauyi a ƙafata,
ɗumi irin na ɗan maraƙi,
numfashi yana hawa yana sauka.
Ban kore shi ba. Ƙarfi ne ba ni da shi,
haka na faɗa wa Onkar.

Har yau ta ƙarshe yake ci.
Tsarin kakanni ba ni zan rushe shi ba.
Sai dai nakan rage gari da ɗan yawa,
ba na bari ta ƙone,
jiya ma surukata Sayali ta kama ni
ina shafa mata mai.
Ta juya, ta ci gaba da yanka albasa.